Taku Biyar ɗin da Agogo Bai Sani Ba

Shekara arba'in da ɗaya Baba Rajista ya yi yana gadin maƙabartar bayan gari, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe alƙalami ba. Sunan ma tsokana ce ta mahaƙa kabari, ta bi shi har ta danne sunansa na gaskiya. Dalili kuwa, maƙabartar ba ta da littafi. An taɓa kawo wani mai baƙin bango aka ajiye a ɗakin gadi, gara ta cinye shi tun ba a cika shafi goma ba. Allunan katako da dangi ke kafawa damina biyu ce ajalinsu, na ƙarfe kuwa masu tsintar ƙarafa ba sa barin su su yi mako. Saboda haka duk wanda ya zo neman nasa, sai a ce masa, "Je ka wurin Rajista."

Ya zo wurin yana saurayi, neman aikin yini, aka miƙa masa diga. Tsohon da ke gadi a lokacin ya lura yaron ba shi da surutu, sai ya ja shi a jiki. Shi ya koya masa cewa ba a riƙe kabari da ido, don ido da ya ga ciyawa ta fito ya rikice. Da ƙafa ake riƙe shi. Ka fara daga abin da ba ya motsi, famfon bakin ƙofa ko tsamiyar tsakiya ko kusurwar katanga, ka ƙirga taku. Sannan ka haɗa takun da ranar da aka yi binnewar: an yi ruwa ko ba a yi ba, wa ya shiga ramin, wa ya kasa tsayuwa aka riƙe shi. Tsohon ya rasu, aka sa shi taku goma sha bakwai daga famfo, aikin ya dawo hannun Rajista.

In ka zo masa, ba zai yi gaggawa ba. Zai ajiye tsintsiya ya tambaye ka shekara, ya tambaye ka da rani ne ko da damina. Sai ya rufe ido kamar mai jin bacci, leɓensa yana motsi. In ya buɗe, sai dai ka bi bayansa. Mutane sun sha gwada shi, masu shakka ba sa ƙarewa a duniya, amma ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure. Wannan shi ne duk arzikinsa. Ɗakinsa na bakin ƙofa ba abin da ke ciki sai gado na ƙarfe, da buta, da diga biyu da shebur uku jingine a bango, da keke wanda ya girmi 'ya'yansa. Ko wutar lantarki ba a taɓa ja masa ba.

A wannan ɗakin ya yi aure, a nan aka haifi 'ya'yansa huɗu, a nan matarsa ta cika, aka ɗauke ta tafiyar da ba ta kai ta minti biyu ba. Manyan 'ya'yan neman abinci ya watsa su. Sai Auta kaɗai ta rage a garin, tana da aurenta da 'ya'yanta da shagon ɗinkinta, kuma duk bayan kwana biyu takan kawo masa abinci a kwano, ta share ɗakin, ta yi masa faɗan rashin shan magani.

Mantuwar da ƙananan abubuwa ta fara. Ya ɗora ruwa a wuta ya tafi shara har tukunya ta ƙone. Ya nemi makullin ƙofa yini guda, aka same shi a cikin takalminsa. Wata rana ya kira Auta da sunan mahaifiyarta, ita ta yi kamar ba ta ji ba, shi ya yi kamar bai faɗa ba. Bai damu ba sosai, don a ganinsa tukunya da makulli ba su ne aikinsa ba. Matattunsa suna nan daram a kansa.

Sai ranar da baƙon ya zo.

Da hantsi motar haya ta sauke shi, mutum ne mai furfura a gefen kai, takalminsa kaɗai ya isa ya gaya maka daga nesa ya fito. Ya ce mahaifiyarsa yake nema, ungozomar unguwar gabas, ta rasu shekara ashirin da biyu ke nan. Yana wata ƙasa lokacin, ba shi da takardun da zai fita ya koma, sai yanzu Allah ya nufa. Yana maganar yana kallon ƙasa, kamar wanda aka kama da laifi.

Baba ya san ta, yaya za a yi ya manta ta? Ita ta karɓi haihuwar Auta a wannan ɗakin, da hannunsa ya haƙa mata kabari. Ya ajiye tsintsiya ya ce, "Biyo ni, ɗana." Ya fara daga famfo ya nufi tsamiya yana ƙirge. Ana cikin tafiya sai lissafin ya ɗauke, kamar an goge allo. Ya tsaya. Ga tsamiya, ga katanga, ga tudun kaburbura ko'ina, duk ya san su, amma ba wanda ya ce masa komai. Baƙon yana bayansa, har numfashinsa yana ji.

Abin da ya kamata ya ce ba mai wuya ba ne: na manta, ka ba ni zuwa gobe. Amma mutumin da aka shekara arba'in ana kira Rajista, wannan maganar ta fi ƙarfin bakinsa. Ya juya hagu, ya yi 'yan taku, ya nuna wani kabari da ya lafe da ƙasa ya ce, "Ga ta nan."

Baƙon ya durƙusa. Ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba sauti sai girgizar kafaɗa. Ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, yana ba ta labarin jikokin da ba ta gani ba, yana neman gafararta. Baba yana tsaye a gefe, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da mutumin ya tashi, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Baba, ka sauke min nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. In Allah ya yarda zan dawo da 'ya'yana su ga kakarsu." Bai ce yaushe ba, bai bar lamba ba, Baba kuma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Mota ta juya ta tafi.

Washegari da safe, yana cikin shara, abin ya dawo masa gaba ɗaya ba tare da ya nema ba. Taku arba'in da uku daga famfo, sannan tara zuwa dama. Dama, ba hagu ba. Ya yar da tsintsiya ya je ya tsaya a kan ungozoma, ya duba inda baƙon ya yi kuka jiya, tsakaninsu ya fi taku ashirin. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Baba ya haƙa ramuka sun fi a ƙirga, wannan ne kaɗai ya haƙa ya faɗa ciki.

Tun daga ranar ba shi da wani buri sai ɗaya: mutumin ya dawo ya same shi bai manta ba, ya gaya masa gaskiya, ya kai shi kan uwarsa. Amma ya riga ya san kansa ya fara yoyo. Ya ajiye dutse a wurin, sai ya tuna duwatsu sun yi yawa a maƙabarta, ranar da ya manta ma'anar dutsen ya zama dutse kawai. Ya ɗaura tsumma a wani kara, awaki suka shigo ta inda katanga ta zube suka cinye. Ya koma maimaita lissafin safe da yamma kamar mai karatu, har wata safiya ya ji bakinsa yana cewa talatin da huɗu maimakon arba'in da uku. Ranar ya kasa cin abinci. Gaya wa wani kuwa bai ko kawo shi a ransa ba, don duk wanda ya gaya wa wurin sai ya gaya masa dalili.

A cikin wannan halin masu awon ƙasa suka zo, za a sake gina katanga. Baba ya lura da ɗayansu, ya kafa ɗan turke a cikin ciyawa mai kai wa ƙugu, bayan kwana huɗu ya dawo, yana duba agogon hannunsa kawai, ya tafi kai tsaye ya tsaya kusa da turken. Baba ya tambaye shi wane irin siddabaru ne wannan. Mutumin ya yi dariya ya ce ba siddabaru, agogon yana magana da tauraron ɗan adam ne, in ka ce masa ya riƙe wuri sai ya riƙe. Baba ya ce, "Ba ya mantuwa?" Ya ce ba ya yi.

Ya sayar da keken, dama Auta ta daɗe da hana shi hawa. Ya ce mata ta raka shi kasuwa zai sayi agogo.

"Agogo, Baba? Kai da kake sanin lokaci da inuwar tsamiya? Ko dai aure za ka ƙara ba mu sani ba?"

"Ke dai raka ni."

"In wuri kake so a riƙe maka, ai waya ma tana yi."

"Waya sai in ajiye ta in manta inda na sa. Abin da aka ɗaure min a hannu fa?"

Shi ne karo na farko da ya ambaci mantuwar da bakinsa.

Shagon mai agogo ɗan ƙarami ne a layin masu gyaran waya, mutum biyu in sun shiga na uku sai ya jira a waje. Agogunan bango sun cika shi, kowanne da lokacin da yake faɗa. Mai agogon yana zaune bayan gilashi da madubin gyara maƙale a ido ɗaya. Ya ji bayanin Baba, ya cire madubin, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle ya jera agoguna uku a kai.

Na farko mai ƙyalli ne, Auta har ta miƙa hannu. Mai agogo ya ture shi gefe da kansa ya ce, "Wannan na zuwa ɗaurin aure ne, Hajiya. Kamfas ɗin da ke jikinsa ma zane ne. Na fito da shi ne don kada ku gan shi a wani shagon a ruɗe ku."

Ya ɗauki na biyu, mai fuska kamar ƙaramin talabijin. Ya ce wannan ya fi kowanne iya gane wuri, har taswira yake nunawa da launi. Amma cin wuta gare shi, duk bayan 'yan kwanaki sai an sa shi a caji.

Na uku baƙi ne, mai kauri, ba shi da kyan gani ko kaɗan. Mai agogo ya juya shi ya nuna wani siririn zobe da ya kewaye fuskarsa, ya ce ta nan yake shan hasken rana. Yana da kamfas na gaske, yana riƙe wurare ya mayar da kai, ruwa ba ya shigarsa, in ya faɗi a kan dutse sai dai ka tausaya wa dutsen. Kuma yana auna nauyin iska, in hadari yana haɗuwa zai yi rawa a hannunka tun sama tana fes.

Baba ya ce, "Wannan aikin gwiwata ta hagu tana yi min kyauta."

"To ka samo mata abokin shawara."

Baba bai yi dariya ba. Ya sa agogon a tafin hannunsa yana jin nauyinsa. Ya ce, "Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka ji tsoron Allah. In na tsaya a wuri na ce ya riƙe, zai dawo da ni daidai inda ƙafata take?"

Mai agogo ya dube shi. Mai neman ciniki kawai zai ce ƙwarai, a wuce wurin. Shi sai ya ce, "Zai kai ka kusa, Baba. Kamar taku biyar. Wata rana ƙasa da haka, wata rana ya ɗan fi."

"Taku biyar."

"Ai ba yawa. In gona ce ko rijiya ko inda ka ajiye mota, kana isa za ka gani."

"A wurin aikina, mutum shida ne ke kwance a taku biyar."

Sai a lokacin mai agogo ya gane da wa yake magana. Ya gyara zama. Ya ce mai cajin zai iya rage masa zuwa taku biyu. Baba ya tambaya, in aka yi wata ba a ba shi wuta ba fa? Ya ce zai mutu, sai an kai shi inda wuta take. Baba ya ce shi ba shi da wuta, kuma bai san ko wata zai jira ko shekara biyar ba, kuma ranar da za a buƙaci abin ba za ta yi sallama ba. Ya tambaya, baƙin fa?

"Muddin yana ganin rana, ba ruwanka da caji. Amma ka ji abin da ke kashe shi. Mutanenmu in sun sayi abu mai daraja sai su naɗe shi su sa a ƙasan akwati. Wata uku su kawo min shi a mace, su ce na cuce su. Wannan ba ya son ɓoyo. Ko hannun riga kada ka bari ya rufe shi."

"Rana kam, ba ni da abin da ya fi ta yawa."

"To shi ne naka. Amma na gaya maka gaskiya, taku biyar ɗin da suka rage, ba agogon da zai yi maka su a shagon nan. Sai dai mutum."

Agogunan bango suna ta bugawa. Baba ya zo ne don ya sayi abin da zai riƙe masa sirri ba tare da ya tambaye shi dalili ba, ga shi an gaya masa abin ba zai wadatar ba. Ransa ya ɓaci, ba da mai agogo ba. Daga baya ya miƙa hannunsa na hagu ya ce a ɗaura masa.

Mai agogo ya koya wa Auta madannan, don ita ce mai idon gani da karatu. Daga kasuwa kai tsaye suka wuce maƙabarta. Baba ya fara daga famfo, yana ƙirgawa a fili, kada lissafin ya gudu kafin ya isa. Arba'in da uku, sannan tara zuwa dama. Ya tsaya ya miƙa mata hannu. Ta danna, agogon ya yi ɗan tunani, ya karɓa.

"Yana tambayar suna, Baba. Me zan sa?"

Sai ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba a tsakanin kaburbura, ya gaya mata komai, tun daga motar haya har zuwa hannu biyu da aka kama nasa da su. Bai nemi wa kansa uzuri ba. Ya ce, "Na sa ɗan mutane ya yi wa wata kuka, uwarsa tana nan tana jira. Matar da ta fara ɗaukar ki a duniya."

Auta mai faɗa ce, kowa ya sani, amma ranar ba ta yi ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta rubuta Ungozoma a agogon. Sannan ta ce, "Tashi ka koya min."

Ya koya mata yadda tsohon ya koya masa. Suka koma famfo, ta taka da ƙafarta, sai arba'in da ukunsa ya zama hamsin da ɗaya a wurinta, don takunta bai kai nasa ba. Ya ce ta riƙe nata, na wani ba ya yi wa mutum amfani. Ya nuna mata maƙwabtan ungozoma ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi tsawo, wanda ya lotsa a tsakiya, ɗan ƙaramin da ke wajen ƙafa. Ta samo fararen tsakuwa uku ta danna su cikin ƙasa a wajen kai, yadda sai wanda ya san suna nan zai gan su. Daga ranar, duk zuwan da za ta yi da kwanon abinci, sai ta je ta tsaya a wurin kafin ta tafi.

Da masu gini suka zo, suka tayar da famfon suka mayar da shi wani gefen. A daminar da ta biyo, wata la'asar, agogon ya yi ta rawa a hannun Baba alhali sama ba ko gajimare. Gwiwar ma ta yarda da shi. Ya kira mahaƙa biyu da ke aiki a ƙarƙashin tsamiya ya ce su fito. Ba su kai ga shan ruwa ba iska ta taso, kafin magariba tsamiyar da ta girmi kowa a garin tana kwance, saiwoyinta a sama. Aka sassare ta aka kwashe. Abubuwan da ba sa motsi duk sun motsa, lissafin shekara arba'in ya tashi a banza. Wuri ɗaya ne ya tsira, shi ma don yana ɗaure a hannun tsoho.

Bayan wannan Baba ya yi ta raguwa. Aka kawo sabon mai gadi, mai littafi da biro. Auta ta ɗauke mahaifinta zuwa gidanta, amma ba ya iya zama, da gari ya waye sai ya kama neman tsintsiya. Sai ta riƙa kawo shi bakin ƙofar maƙabarta kowace safiya kafin ta buɗe shago. Yakan zauna a benci, ya naɗe hannun riga, ya ɗora hannun hagu a gwiwa inda rana take. In sabon mai gadi ya ce, "Baba, ka dawo inuwa mana," sai ya ce, "Bari ya ƙoshi tukuna." In aka tambaye shi me agogon yake riƙe masa, sai ya dube shi ya yi murmushi, don ya daina sani. Abin da ya rage masa kawai shi ne ba a ɓoye shi, kuma ba a cire shi.

A shekara ta uku, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, motar haya ta tsaya. Wani mai furfura ya fito da 'yan mata biyu. Ya zo da sauri ya durƙusa ya kama hannun Baba da hannu biyu, yana cewa ga shi ya cika alkawari. Baba ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambaye shi mutanen gida, yana ta neman fuskar a kansa bai same ta ba. Sabon mai gadi, wanda Auta ta daɗe da bar wa saƙo, ya koma gefe ya buga waya.

Ta iso da tef ɗin awo a wuya, zare maƙale a zaninta. Baƙon har ya kama hanya da 'ya'yansa, yana cewa ba sai an raka shi ba, wurin yana ransa. Ta sha gabansa ta gaishe shi ta ce, "Yaya, ka tsaya. Akwai saƙon da mahaifina ya ba ni in ba ka, tun yana iya bayarwa."

Baba yana zaune yana kallonsu. Ya ga bakin Auta yana motsi, ya ga fuskar mutumin ta canja, ya ga ya cire tabarau ya mayar, ya juyo ya dube shi da wani irin kallo mai nauyi. Bai san me aka yi ba, amma ya ji ba daɗi, kamar yaron da ake maganarsa a gabansa. Auta ta ce, "Kekensa ya sayar saboda wannan ranar. Shekara uku yana zama a rana."

Ta zo ta ɗaga Baba, ta kama hannunsa na hagu ta danna. Wata 'yar kibiya ta fito a fuskar agogon. Suka bi ta, ita tana riƙe da hannunsa a gaba kamar mai riƙe da fitila, baƙon da 'ya'yansa a baya. Ciyawa ta rufe komai, ba famfo, ba tsamiya. Kibiyar ta karkata dama, suka karkata. Can agogon ya yi rawa. Suka tsaya a tsakiyar tudu shida da ba abin da ya bambanta su.

Auta ta saki hannunsa. Ta duba mai tsawon, ta duba wanda ya lotsa, ta yi taku huɗu, ta durƙusa ta buɗe ciyawa da hannu. Fararen tsakuwa uku suna nan.

"Ga mahaifiyarka."

Wannan karon bai yi kuka da yawa ba. Ya zauna, ya ɗora tafin hannu a ƙasa, ya kira 'yan matan ya gaya musu sunanta. Suka yi addu'a. Baba ma ya ɗaga hannu, don wannan kam jikinsa bai manta ba.

Da za su fita, baƙon ya rage tafiya a daidai wani kabari da ya lafe da ƙasa, can ta hagu. Ya tsaya. Ya tambayi Auta, "To wannan fa? Wa na yi wa kuka?"

Auta ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta duba sabon mai gadi, ya girgiza kai, littafinsa bai kai can baya ba.

"Wannan ai baiwar Allah ce ta tashar mota," in ji Baba.

Duk suka juyo. Idonsa a rufe yake, leɓensa yana motsi kamar da.

"Da rani ne. A benci aka same ta, da ƙullin kayanta a cinya, ba wanda ya san daga ina ta fito. Mu huɗu muka sa ta, ni na shiga ramin. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa zuwa ya tsaya a kanta." Ya buɗe ido, fuskarsa ta saki. "Sai wani bawan Allah da ya zo kwanakin baya. Ya daɗe a nan, ya yi mata kuka sosai, har da labarin jikoki. Wallahi na ji mata daɗi."

Baƙon ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya cire takalmansa, ya kira 'ya'yansa ya ce su zo nan ma su durƙusa.

Baba ya ga gajimare ya matsa, rana ta fito. Ya naɗe hannun riga ya juya agogon wajenta.